Dutsen Baba Bula

Da hukumar birni ta tashi mayar da bakin kogi wurin shaƙatawa, sai ta kafa kwamitin mutanen unguwa, wai a ji ta bakinsu kafin a zana komai. Aka saka Baba Bula a ciki. Mai wanki ne, bular kayan mutane ta rine masa hannuwa har sunansa na yanka ya ɓace. Yana da wani faffaɗan dutse a gindin gada, a kansa yake bugun kaya tun gemunsa na baƙi, har tsakiyar dutsen ta lotsa kamar kwano. Dutsen nan shi ne gonarsa, daga shi gidansa ke ci.

A ajin makarantar firamare ake zaman, dattawa a kan bencin yara, gwiwa tana neman taɓa haɓa. Ranar yanke shawara Injiniya ta zo, yarinya mai ladabi, ta kafe taswirar bakin kogin a allo. Ta raba wa kowa 'yan jajayen takardu uku masu gam a baya.

"Kowa ya manna a kan abin da yake so a gina, ko abin da ba ya so a taɓa," in ji ta. "Inda ja ya yi yawa, nan za mu bi."

Tela, abokin Baba Bula tun ƙuruciya, ya zungure shi. "Yau dai hannunka ya ga wani launi ban da shuɗi."

"Kai dai riƙe naka da kyau, kada ka ɗinke su a aljihun wani."

To, Baba Bula mutumin da ne. Yadda aka rene shi, babba ba ya miƙa hannu ya ɗebar wa kansa a gaban jama'a. Kai ka zuba wa ɗan'uwanka, shi ya zuba maka, kowa ya tashi da mutuncinsa. Ya je ya manna ɗaya a kan kujerun inuwa da Tela ke nema saboda ciwon gwiwarsa. Ya manna ɗaya a kan rumfunan 'yan tireda, don matar marigayi ɗansa ta samu wurin kasa kaya. Ta ƙarshe ya ɗora ta kan shingen ƙarfe da iyayen yara suka roƙa a yi a bakin ruwa. Ya dawo ya zauna ya sunkuyar da kai, kada a ce yana leƙen wa zai saka masa.

Aka gama, taswira ta yi ja kamar an yanka kaza a kanta. Gindin gada kuwa fari fat.

Injiniya ta lura. Ta ce, "Baba, ban ga komai a wurin wanki ba. A bar shi ne, ko a ɗauke?"

Mijin 'yar Baba Bula yana zaune a layin baya. Baba Bula ya gyara murya ya ce, "'Yata, abin da jama'a suka gani shi ne daidai."

Ya faɗi haka ne yana jiran wani ya yi caraf ya ce a'a, ba za a taɓa abincin dattijo ba. Tela a lokacin yana gardama da mai faci kan inda kujeru za su fuskanta. Injiniya ta ɗan dakata, ta dubi fuskoki, ta wuce zuwa maganar fitilu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma in ya yi shiru, mai gyara ba boka ba ne.

A hanyar gida, da suka kai kwanar shagon Tela, Baba Bula ya juyo ya tambaye shi.

"Naka ukun ina ka kai su?"

"Kujeru mana. Duka."

"Duka."

"To ai na ɗauka kai za ka manna wa dutsenka. Wa ya fi ka sanin sa?"

"Ni in manna wa kaina? A gaban surukina?"

Tela ya tsaya riƙe da makullin shago, bai buɗe ba. Can ya ce, "Bula, kunyar nan taka za ta kashe ka da yunwa."

"Rashin taka ya riga ta."

Sai da tirela ta fara sauke ƙarafa sannan Tela ya ja shi zuwa ofishin Injiniya. Ihu bayan hari. Ta tashi ta ba shi kujerarta, ta ce an riga an ba da kwangila, shinge zai bi bakin ruwan tun daga gada har mashaya. "Na tambaye ka fa, Baba," ta ce a hankali. Ya ce ƙwarai, ta tambaya. Ta yi alkawarin za ta yi abin da za ta iya.

Ya koma wanki a tsakar gida da baho. Famfon unguwar yau ya zo, gobe ya ƙi. Zannuwan gado na masaukin baƙi, waɗanda su ne ƙashin bayan sana'ar, aka kai wa masu inji. Sauran masu kawo kaya suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya, ba faɗa, ba sallama.

Injiniya ta cika alkawari daidai ƙarfinta. Ta hana a fasa dutsen. Aka ɗaga shi da katafila aka dasa a tsakiyar furanni, aka kewaye shi da sarƙa, aka kafa ɗan allo mai cewa a da masu wanki sun yi sana'a a nan.

Bayan an buɗe wurin, Tela ya lallashe shi suka je da la'asar. Baba Bula ya tsallake sarƙar, ya sa tafin hannu a cikin lotsawar nan. Dutsen ya bushe, ya yi zafi, abin da bai taɓa ji a jikinsa ba.

Mai gadi ya taho. "Baba, ba a taɓawa. Karanta allon."

"Ya fi ka sanin abin da ke ciki," in ji Tela.

Baba Bula ya janye hannunsa ya fito. Suka zauna a kujerar inuwa, wadda ya manna wa takardarsa ta fari. Kujerar tana da daɗin zama. Tela ya yi ta neman abin tsokana bai samu ba, suka zuba wa kogin ido ta tsakanin ƙarafan shinge.