Amalanken Kashe Gobara

Ilisoni makaniki ya yini da kansa cikin injin ƙaramin jirgin saman da ke zuwa tsibirinsu yana canza bututun mai da ke yoyo. Ba don kamfani kaɗai yake wannan gumin ba. Matarsa Litiana na da tsohon ciki, ɗan ya kwanta a gicciye, nas ɗin tsibirin ta ce lallai gobe a kai ta asibitin Suva, babban birnin ƙasar. Jirgin ruwa kuwa sai wata mai zuwa.

Da la'asar ya ce wa matuƙin ya tayar a gwada. Injin ya yi tari, sai harshen wuta ya leƙo ta ƙarƙashin murfi. Matuƙin ya diro, ya fesa 'yar tukunyar kashe gobara ta cikin jirgi har ta ƙare, wutar ta lafa amma ba ta mutu ba. Ilisoni ya ruga rumfa ɗauko babbar.

Ga ta nan kwance a ƙasa, cike taf, nauyinta ya kai na maraƙi. Amalanken da ake tura ta a kai ne babu.

"Peniasi, ina amalanken?"

Mai gadin ya sosa ƙeya. "Kawu Sakiusa ne ya yi kerekere, roƙon nan namu na al'ada, alade zai kai gidan biki. Ka san in babba ya roƙa ba a hana shi."

"To ita wutar, ka roƙe ta ta jira a gama bikin?"

Su uku suka ja tukunyar cikin ciyawa, tana zamewa, suna tuntuɓe. Ba su kai rabin fili ba tankin fiffike ya kama. Haka suka tsaya suna kallon jirgin yana narkewa kamar kitse a kasko.

Mutanen gari suka taru, kowa na cewa tsautsayi ne. Wane irin tsautsayi? Kowa ya ga amalanken ya wuce ta gaban coci da alade a kai, ba wanda ya ce uffan, wai kunyar babba.

Can sai ga Kawu Sakiusa yana turo amalanken, taya ɗaya ta karkace, ga ƙunshin nama da rogo a ganyen ayaba. Ya yi jaje sosai, ya zagaya gawar jirgin, ya tsaya kan tayar baya, wadda wuta ba ta taɓa ba.

"Ɗana, kerekere. Tunda wannan ba ta da sauran aiki..."

"A'a."

Wata tsohuwa ta rufe baki don jin kunyar rashin tarbiyya irin wannan. Da jirgi ya ƙone ba wanda ya ji kunya.

Ilisoni ya juya. Litiana na zaune a bakin rumfa, hannu ɗaya dafe da mara, ɗayan riƙe da jakar da ta haɗa tun safe.