Hannun Kakan Don Eleuterio

Ni dai ban koma ɗaukar hoto a kan ƙarfe don in shiga rikicin gidan kowa ba. Hotunan waya ne suka ishe ni, dubu a aljihu, babu ɗaya a bango. Sai na buɗe ɗan shago a garin Pátzcuaro, na koyi aikin mutanen da: ka zuba magani a fallen ƙarfe, ka tsoma a ruwan azurfa, ka ɗauka tun bai bushe ba.

Wata Juma'a da hantsi Don Eleuterio ya shigo da gogensa. Kowa ya san gidansu, Bahagwai ake ce musu, don duk da hagu suke jan goge. Ya kwance wani ƙyalle ya nuna min tsohon hoton ƙarfe, baƙi ƙirin, wani mai gashin baki da sandar goge a hannun hagu.

"Kakana ne, Nayeli. Haka nake so ki ɗauke ni, in rataye mu tare. Da wannan hoton aka yi mana tarbiyya. Ni da dama aka haife ni, sai da babana ya ɗaure min ita wata shida."

"Fermín fa?" Ɗansa nake nufi, mun yi aji ɗaya.

"Wannan mai taurin kan? Wai shi sai dama. Na ce ba a gidana ba. Shekara goma sha biyu ke nan da barinsa gida."

Ni kuwa na san abin da bai sani ba game da hoton nan. Na zaunar da shi, na ce kada ya motsa sai na ƙirga takwas.

"Ki ƙirga ɗari ma, 'yar nan, ni ba yaro ba ne."

Da na ɗauka, na kira shi ya ga fitowar hoton a cikin tasar magani. Fuska ta bayyana, sai gogen, sai sandar a hannun dama.

"Kai! Kin ɓata aiki. Yaushe na riƙe da dama?"

"Baba, duba tabon goshinka. Shi ma ya sauya gefe. Ƙarfe kamar madubi yake, kowa juya shi yake yi. Tun zamanin da haka yake."

Ya dubi nasa, ya dubi na kakan. Ya daɗe yana kai ido yana kawowa. Tausayinsa ya kama ni, har na ji haushin sana'ata.

"Wato shi..."

"Da dama yake ja, Baba."

Ya zauna a benci. Ya mayar da sandar zuwa hannun dama ya gwada. Ƙarar da ta fito ko ɗan koyo ba zai yi ta ba. Ya ajiye a hankali.

"Ashe duk gidan, yaron nan kaɗai ya biyo shi."

Na busar da hoton, na shafa masa mai.

"Naɗe duka biyun," in ji shi. "A kai wa Fermín."

Na ɗauko takarda da biro. "Wane adireshi zan rubuta?"

Sai da ya gama kallon titi sannan ya juyo.

"Ke ba ki sani ba? Ai na ɗauka ku abokansa kun sani."