Maɓallin Hagu

Duk kwarin Baba Makulli ake ce masa, don shi ke riƙe da makullin ɗakin baƙi. Mutanen kwarin ne suka gina ɗakin da hannunsu, can inda hanyar mota ta gaji ta tsaya. Mata suka jera tsofaffin tukwane a kan kanta, malamar makaranta ta zana taswirar kwarin a bango. Wani makon a ga mota biyu, wani makon ko ƙeyar baƙo ba a gani.

A jikin bango akwai ɗan akwatin sauti mai maɓalli biyu, na hagu na saurare, na dama na naɗa sabuwar murya a kan ta da. Muryar matar Baba ce a ciki. Malama ta naɗe ta shekara guda kafin rasuwarta, tana jero sunayen duwatsu da rafuka, har ta yi dariya a tsakiya don ta manta ɗaya. Tsohuwar ba ta bar ɗa ba, ba ta bar hoto ba. Abin da ya rage nata a duniya minti huɗun nan ne, kuma babu shi a ko'ina sai cikin akwatin.

Kullum da safe in ya gama shara, sai Baba ya lalubi maɓallin hagu, don idonsa ya yi rauni. Da ta zo inda take cewa idon ruwa yana bayan babban dutse, sai ya ce mata a'a, a gabansa yake. Shekara arba'in suna wannan musu, mutuwa ma ba ta raba gardamar ba. Kuma dai, Allah ya jiƙanta, shi ke da gaskiya.

Ana nan sai labari ya zo cewa mota guda ta ɗalibai na tafe. Kwamitin ɗakin ya ce a yi wa ɗakin fenti kada a ji kunya. Mai fenti, mutumin kirki amma sarkin gaggawa, ya cire akwatin ya shafe bango, sannan ya mayar da shi kai a ƙasa. Wa zai gane? Yatsun baƙi sun daɗe da cinye rubutun da ke jikin maɓallan.

Washegari Baba ya yi shara ya danna na hagu. Shiru. Wata 'yar fitila ja ta kama, shi bai gan ta ba. Ya gai da matar tasa, ya jira, ya yi ta lallashi kamar yadda yake yi in ta yi fushi da can. Da ya gaji ya ce ƙila batir ne, ya fita tarar baƙi.

Ɗalibai suka cika ɗakin. Malama ta ga akwatin a juye, ta gyara shi tana yi wa mai fenti tsiya, ta ce yanzu za su ji muryar wadda ta fi kowa sanin kwarin nan. Ta danna. Sai aka ji tari, aka ji an jingine tsintsiya, sannan muryar Baba.

"Tsohuwa, ina kwana? Yau kuma ba a magana? To na yarda, idon ruwan a bayan dutsen yake. Ke ce da gaskiya. Yi magana mana."

Ɗaliban suka kwashe da dariya, sun ɗauka wasa ne aka shirya musu. Malama ta dafe ƙirji. Ta danna ta sake dannawa, babu komai sai shi. Baba ya zauna a kan benci, ya gane cewa da yatsansa ya shafe muryar matarsa. Baƙin cikin da ya ji ya fi na ranar da aka binne ta. Mai fenti ya durƙusa yana kuka yana neman gafara, Baba ya ce ya tashi, ba shi ya danna ba.

Bayan mako guda Malama ta roƙe shi ya naɗa sunayen da bakinsa, tunda shi kaɗai ya haddace su. Ya tsaya gaban akwatin ya jero su kamar yadda ta jero, ya yi shiru daidai inda take dariya. Da ya iso kan idon ruwa sai ya ce yana bayan babban dutse. Malama ta buɗe baki za ta gyara masa.

"Bar shi haka," in ji shi. "Haka ta ce."