Sugan Magen Yaya

Likita ba ta gama cire safar hannu ba mijin yayarta ya banko ƙofar ɗakin duba dabbobi, ko sallama babu. Yayar na biye da shi, rungume da tsohuwar magenta cikin tawul, kan magen yana reto.

Farfesa ake ce wa mutumin nan a dangi. Bai taɓa koyar da ko ɗan tsako ba, amma duk abin da ya gani a waya da safe, kafin azahar ya zama gwani a kai. Likita ta daɗe da raina shi, kuma ba ta ɓoyewa.

"Me aka ba ta?" ta tambaya, tana kwantar da magen a kan tebur. Jikin ya yi sanyi, ƙafafun baya sai rawa suke.

"Ganyen mangwaro da na gwaiba, na dafa ruwan ya yi kauri," in ji Farfesa, yana gyara tabarau. "An gwada a kan ɓeraye, ƙanwata. Bincike ne fa, ba wasa ba."

Magen ciwon suga gare ta, Likita ce ta ɗora ta a kan allurar rage suga safe da yamma. Tun da 'ya'yan Yaya suka girma suka watse, magen ce abokiyar hirarta, a gefen ƙafarta take kwana.

"Yaya, ta ci abinci?"

"Tun da ya fara ɗura mata ruwan nan ta daina ci. Jiya ko shinshinawa ba ta yi ba."

"Kuma kin yi mata allurar?"

Yaya ta sunkuyar da kai. "Cewa ya yi a haɗa biyun, zai fi saurin aiki."

Ciki wayam, ga allura, ga ruwan ganye. Likita ta tsaga kunnen magen kaɗan, ta ɗiga jinin a na'urar gwaji. Sugan ya faɗi warwas. Farfesa ya leƙo ta kafaɗarta, sai ga shi yana washe baki, har da zaro waya zai ɗauki hoton na'urar. Likita ta juyo gare shi.

"Matsa min daga nan."

Ta shafa wa magen zuma a dasashi, ta aske gashin ƙafar gaba tana neman jijiyar da za ta sa ƙarin ruwa. Jijiyar ta ɓuya. Ta koma ɗaya ƙafar. Yaya na shafa kan magen tana kiranta a hankali. Kafin ruwan ya fara ɗiga, magen ta miƙe ƙafafu, jikin ya saki.

Yaya ta ja tawul ɗin ta rufe ta, hawaye na bin kumatunta.

Farfesa ya yi gyaran murya. "Sai haƙuri, dama ta tsufa." Ya ɗan jira, abin ya ƙi barinsa. "Amma tsakani da Allah, ƙanwata, sugan ya sauka ko bai sauka ba?"

Likita ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Ya sauka, Farfesa," ta ce. "Ba zai ƙara hawa ba."