Turmin Dama na Cindo

A kasuwar Maigatari, a shekarun da suka biyo bayan babban fari, ba a cinikin wake mai yawa sai an kira Cindo. Aikinsa guda ne. Zai zura hannu cikin buhu, ya ɗauko ƙwaya, ya ɗora ta a kan haƙorin turmi na dama, ya ciza. In ta fashe da ƙara, waken ya bushe, a zuba a sito a kwana lafiya. In ta lotsa, da sauran danshi, zai yi fumfuna kafin ya ga Kano. Wasu da karatu suke ci, wasu da gado. Shi da haƙori ɗaya yake riƙe gida.

Sai haƙorin ya yi kogo. Ya sa kanumfari ya gaji, ya sa jar kanwa ya gaji, ya hau mota zuwa Kano. Likita ya share ramin, ya cusa wani farin ƙarfe, ya daddanne.

"Malam Cindo, ka ji ni da kyau," in ji likitan. "Cikon nan zaune yake kawai, bangon haƙorin ne ke riƙe da shi. Tuwo ba zai dame shi ba. Amma duk cizo mai ƙarfi yana ɗan motsa shi, bakinsa ya riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan. Wata rana ko ya fita, ko ya tsaga haƙorin. Abu mai tauri, ka kai shi hagu."

Cindo ya yi godiya. Bai faɗi sana'arsa ba, tunda ba a tambaye shi ba.

Ran Alhamis Alhaji Ɗantsoho, wani falke daga Gagarawa, ya ja shi gaban buhunan da aka kawo daga Sule Tankarkar. Cindo ya kai ƙwaya hagu ya ciza. Ya sake wata. Hagun dai tauna ya iya, bai iya shaida ba; busasshe da ɗanye duk ɗaya suke a wurinsa.

"Yau kuma karin kumallo ka zo yi, Cindo?" in ji Alhaji. "Ka cinye rabin buhu ba ka ce komai ba."

"Haƙuri, Alhaji. Baƙo nake koya wa aiki."

"To ka sallami baƙon, ka kira maigida. Mota ba ta jira."

Cindo ya mai da ƙwayar zuwa dama. Ta fashe, ya ji ƙarar har cikin kunne, ya faɗi gaskiyar waken. Tun daga ranar bai sake komawa hagu ba.

Kaka ta wuce lafiya. Da aka shiga bazara ya fara jin ruwan randa yana ratsa gefen cikon kamar allura. Harshensa ya gano wata 'yar tsaga, ya riƙa ziyartarta ko a cikin salla. Matarsa Rabi ta lura yana karkata kai in zai sha ruwa.

"Malam, ba an ce ka hutar da wannan ɓarin ba?"

"An ce. Wanda ya ce ɗin ba shi ke cefane ba."

Wata Alhamis, ana zafi, Alhaji ya sake kiransa. Ya ɗauki ƙwaya, ya ciza yadda ya saba. Ƙarar ta zo biyu. Ya tsaya cik, idonsa ya kawo ruwa, sannan ya tofa a tafin hannu: ɓarin wake, ɗan farin ƙarfe, da rabin haƙori da jini a gindinsa. Ya daɗe yana kallonsu.

"Yaya?" in ji Alhaji, wanda idonsa ke kan buhu.

"Ya bushe, Alhaji. Saya."

"Madalla. Ga wancan buhun ma."

Cindo ya goge hannu a gefen riga.

"Wancan sai ka nemi wani," ya ce.