Farin Bokiti Mai Murfi

Bernard direban wani likita ne a Samaru, kuma dattijo ne a cocinsu. Da likitan zai bar Zariya a 2006, sai ya ba shi bokitin garin kulorin da jarkar asid, ragowar magungunan da ake tsabtace ɗan tafkin ninƙayar gidansa da su. Ya ce ya mayar wa mai shagon da ya saye su a wurinsa a unguwar PZ, shi ya san yadda zai yi da su, kuma ya ja masa kunne kada ya haɗa su wuri ɗaya.

Bernard ya ji, amma idonsa na kan bokitin. Fari ne, mai murfi, irin wanda matarsa Clara ta daɗe tana so don kai kunu taron zumuntar mata. Maimakon PZ sai ya wuce gidan hayarsu a unguwar Jama'a, ya juye garin a salga, ya bi shi da asid ɗin. Ya gaya wa kansa wari yake kashe wa mutane. Ƙarya ce, kwaɗayi ne kawai.

Bai kai ɗaki ba wani tururi mai yaji ya taso daga ramin. Mama Bibiana, tsohuwa mai ciwon asma, tana wanka a makewayin da ke jikin salgar. Da ƙyar mata suka jawo ta waje tana kakari, aka kai ta asibiti.

Nan take 'yan haya suka ɗora laifin kan Chuks, mai cajin batir, tunda shi aka sani da asid. Chuks ya yi ta rantsuwa, ba wanda ya saurare shi. Mai gidan ya tara kowa a tsakar gida ran Asabar, ya ce Chuks ya kwashe kayansa ya bar masa gida. Har aka nemi Bernard, a matsayinsa na dattijo, ya yi masa nasiha. Ya miƙe kuwa, ya gyara murya.

Sai ga Clara ta fito da bokitin. Tun ranar da ya ba ta take wanke shi, warin ya ƙi fita, kuma ta gane shi ne warin da ya taso daga salgar. Ta ajiye shi a gaban mijinta.

"Baban Kevin, kafin ka fara wa'azi, ka faɗa musu abin da ke ciki da, da inda ka kai shi."

Bernard ya dubi bokitin, ya kasa duban kowa. Ya faɗi komai, muryarsa ƙasa-ƙasa, har sai da mai gidan ya ce ya maimaita don na baya su ji.

Chuks bai zage shi ba. Ya dai tambaye shi ko da gaske zai bari a kore shi da 'ya'yansa. Duk wanda ke wurin ya san amsar, domin ya ga lokacin da Bernard ya gyara murya.

Ran Litinin ya ɗauki bokitin da jarkar ya kai PZ. Daga nan ya wuce asibiti, ya daɗe tsaye a ƙofar ɗakin Mama Bibiana kafin ya iya yin sallama.