Salanieta Ta Koma Bakin Murhu

Wata biyu Salanieta ta yi a asibiti a Suva. Sankarar hanji ce. Likitoci suka yanke abin da za su yanke, suka fito mata da bakin hanjin ta gefen cibiya, suka manna jaka a wurin. Ranar da jirgin ruwa ya sauke ta a tsibirinmu na Kadavu ni na je taryarta, don taubashiyata ce, kuma tun muna yara ba ma raga wa juna.

"Litiana, karɓi kwalin nan, ki riƙe shi kamar jariri," ta ce. "Jakunkunana ne. In suka jiƙe, kwanon cin abincinki zan ara."

"An yanke hanji an bar baki," na ce. "Likitocin nan ba su san inda cutar take ba."

A hankali ta koyi zama da abin. Zafi yana lalata gam ɗin jakar, don haka ta ƙwace akwatin sanyin da mijinta ke zuba kifi, ta wanke shi tas, ta jera jakunkunan ta tura ƙarƙashin gado. Da sassafe take canzawa, kafin ta karya, lokacin ciki bai motsa ba. Ta goge fatar da ruwan ɗumi, ta jira ta bushe, ta yanka huda da ƙaramin almakashi daidai faɗin wurin. A makon farko ta ɓata guda uku. Ta yi kuka, ta zagi almakashin, ta ɗauko ta huɗu.

Sai aka tashi biki a ƙauyenmu. Shekara ashirin ke nan Salanieta ce mai haɗa ganyen gwaza da madarar kwakwa a kowane taro, amma wannan karon ba wanda ya aika mata. Ta ɗaura zane, ta ɗauki wuƙarta, muka tafi.

A bakin rumfar girki Radini Ilisapeci, matar fastonmu, ta tare mu da murmushi.

"Haba Sala, ki huta mana. Jikinki bai gama komawa ba."

"Radini, jikina kike tausayi ko tukunyarku?"

Wata cikin matan ta ce ƙasa-ƙasa, ai abincin baƙi ne, kuma abin yana nan jikinta.

Salanieta ta ajiye wuƙar, ta ɗaga rigarta.

"Ga shi nan, ku kalla da kyau, kada wuyanku ya yi ciwo wajen leƙe. A rufe yake, a manne. Ke Radini, naki yana ina yanzu? Ba a cikinki kike yawo da shi ba? Kowacce a nan da nata ta zo. Ni kaɗai na san nawa ne nawa."

Kamar jira take, jakar ta saki wani dogon gurnani.

"Kun ji, har ta yi amin," na ce.

Dariya ta ƙwace wa wasu. Radini ba ta yi ba. Salanieta ta wanke hannu da sabulu har gwiwa a gaban kowa, ta zauna ta hau naɗe ganye. Ƙulli ɗari da ashirin ta yi kafin a rufe ramin da ake gasa abincin bikin a ciki. Sau ɗaya ta tashi, ta je ta zubar da abin da ke jakar, ta sake wanke hannu, ta dawo.

Da aka raba abinci Radini ta tsallake ganyen, mata uku suka bi ta. Salanieta ta gani. Ta ja rabonsu gabanmu, muka cinye.

Muna wanke tukwane sai Vasemaca, gwaggon ango, ta tsuguna kusa da mu. Ashe tun bara likita ya ce mata sai an yi mata irin aikin, ta gudo gida ba ta gaya wa kowa ba.

"Da zafi?" ta tambaya.

"Da zafi, da ƙaiƙayi, wata rana har ya yi yoyo a coci. Amma ga ni ina ƙoshi da abincin matar fasto. Taso mu je gida ki taɓa da hannunki."

Ran Laraba Vasemaca ta hau jirgin Suva. Salanieta ce ta raka ta, tana yi mata faɗa tun daga ƙofar gida har bakin ruwa.